Ci-ranin Asisat Oshoala

Mai karatu, bari in fara da daren da na soma sanin yarinyar nan, domin har yau ina tuna shi sarai. Ranar 24 ga Agustan 2014 ce, damina ta yi nisa, an ɗauke wuta tun magariba, sauro kuma ya hana ni rintsawa. Wajen tsakar dare sai na ji maƙwabcina ya tada janareta, na leƙa na tarar da shi da samari huɗu sun zuba wa talabijin ido. Na ce, "Malam, wa ke wasa da tsohon daren nan?" Ya ce, "'Yan matanmu ne da Jamus, wasan ƙarshe." Na yi tsaki a zuci, amma da yake akwai fanka a falon nasa sai na nemi gefen tabarma na zauna.

Gasar cin kofin duniya ce ta mata 'yan ƙasa da shekara 20, ana yin ta a Kanada, wasan ƙarshen kuma a birnin Montreal. Jamus ce ta ci da ƙwallo ɗaya tak a cikin ƙarin lokaci, wata mai suna Lena Petermann ta zura ta. Sai dai duk wanda ya kalli wasan ya san wadda ta fi kowa a filin doguwar yarinyar nan ce ta Najeriya, wadda in ta ɗauki ƙwallo sai ka ga 'yan bayan Jamus suna ja da baya kamar an koro su. Da aka tashi, ita aka miƙa wa ƙwallon zinare ta gwarzuwar gasa, aka ƙara mata da takalmin zinare saboda ƙwallaye 7 da ta ci, 4 daga ciki a ragar Koriya ta Arewa a wasan kusa da na ƙarshe da aka tashi 6 da 2. Sunanta Asisat Lamina Oshoala. Asisat ɗin nan Aziza ce a bakinmu, harshen Yarbawa ne ya tanƙwara sunan.

Tun daga wannan dare nake bin sawunta, kuma abin da ya sa na ga ya dace in rubuta tarihinta shi ne, cikin shekara 11 da suka biyo baya ta yi wa ƙungiyoyi 6 wasa a ƙasashe 5, wato Ingila da Sin da Sifen da Amurka da Saudiyya. Duk inda kuɗin ƙwallon mata ya koma a duniya, in ka duba za ka tarar da ita a can. Shi ya sa na kira abin ci-rani, domin ban san wata kalma da ta fi ta dacewa da mutumin da sana'arsa ke hannunsa amma garinsu ba ya iya biyan sa ba.

Kafin in shiga labarinta dole in koma baya, don ba ita ta share hanyar ba. Najeriya na cikin ƙasashen da suka je gasar cin kofin duniya ta mata ta farko a Sin a 1991, kuma daga lokacin har zuwa ta 2023 ba a taɓa yin wadda babu ita ba. Amma shekarar da duniya ta waiwayo ta dube su ita ce 1999 a Amurka, ƙarƙashin marigayi Isma'ila Mabo, mutumin Jos, tsohon ɗan wasan Mighty Jets, wanda ya rasu a 2023. Sun doke Koriya ta Arewa da Denmark, sun sha kashi 7 da 1 a hannun masu masaukin baƙi, suka kai zagayen 'yan takwas. Nan suka haɗu da Brazil. Kafin hutun rabin lokaci an zuba musu 3, kowa ya ce shi ke nan, sai ga shi sun dawo sun farke ukun duka. Wata 'yar Brazil mai suna Sissi ce ta raba gardama da bugun tazara a ƙarin lokaci, a zamanin da wanda ya fara ci shi ya gama wasa.

Wannan gasa ce ta buɗe ƙofar waje. Mercy Akide da Florence Omagbemi suka samu gurbin karatu a wata ƙaramar kwaleji mai suna Milligan a jihar Tennessee, inda ake ba su ilimi suna taka wa makaranta leda. Da aka kafa gasar ƙwararru ta mata a Amurka a 2001, Akide ta tafi San Diego Spirit, Omagbemi ta tafi Boston Breakers. Akide ce ma mace ta farko da hukumar ƙwallon Afirka ta ba lambar gwarzuwar shekara, a 2001. Sai dai kash, gasar ta Amurka kaka 3 kawai ta yi ta durƙushe a 2003 saboda rashin kuɗi.

Bayan su sai Perpetua Nkwocha, wadda ni a ganina ba a taɓa yi mata adalci ba a wajen yabo. Matar da ta zura wa Kamaru ƙwallaye 4 ita kaɗai a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2004, ta zama gwarzuwar Afirka har sau 4, a 2004 da 2005 da 2010 da 2011. Ina ta ƙare? Daga 2007 zuwa 2014 tana wata ƙungiya mai suna Sunnanå a garin Skellefteå, can ƙuryar arewacin Suwidin, inda a lokacin hunturu rana ba ta wuce 'yan sa'o'i take faɗuwa. Ta yi zamaninta ne a lokacin da manyan ƙungiyoyin Turai ba su ɗauki ƙwallon mata a bakin komai ba, ƙasashen sanyi irin su Suwidin da Norway da Finland su ne ke ɗaukar 'yan Afirka su ba su ɗaki da ɗan abin sawa a bakin salati. Da a ce an haifi Perpetua bayan shekara 15, da labarin nan nata ne. To amma kowa da zamaninsa.

An haifi Asisat ranar 9 ga Oktoban 1994 a Ikorodu ta jihar Legas, a gidan Musulmi 'yan kasuwa. Ita da bakinta ta sha faɗa a hirarraki cewa iyayenta ba su yarda da wannan harka ba ko kaɗan, boko suke so ta yi, kuma ta sha faɗa da horo a kan ta dawo gida da ƙura a ƙafa bayan ta buga da yara maza a layi. Kakarta ce mafakarta in gida ya yi zafi. A nan ba zan yi saurin ɗora wa iyayen laifi ba, domin mai karatu, ka sa kanka a matsayinsu. A Najeriyar wancan lokaci, ƙungiyoyin mata akasari na gwamnatocin jihohi ne, albashin bai taka kara ya karya ba, ga shi a kan yi watanni ba a biya ba. Uban da ya ce 'yarsa ta bar wannan ta riƙe littafi ba mugu ba ne, lissafi ya yi, kuma cikin 'yan mata 100 lissafin nasa zai yi daidai a kan kusan dukkansu. Tasa ce kawai ta zo daban.

Ta fara da FC Robo ta Legas, ƙungiyar da daga baya ta fito da Rasheedat Ajibade, sannan ta koma Rivers Angels ta Fatakwal. Da fari ma ba 'yar gaba ba ce, a tsakiya take wasa, har ake yi mata laƙabi da Seedorf, sunan shahararren ɗan wasan tsakiyar nan na Holan. Tana cikin tawagar 'yan ƙasa da shekara 20 da ta zo ta huɗu a Japan a 2012, ba wanda ya damu da ita sosai. Sai 2014 ta zo ta juya komai. Wata biyu bayan Kanada ta tafi Namibiya da babbar tawagar Super Falcons, suka ɗauki kofin Afirka bayan doke Kamaru 2 da nema, ita ta ci ɗaya daga ciki, aka ba ta gwarzuwar gasa. Perpetua na cikin wannan tawaga tana da shekara 38, wato dai a gaban idonta aka miƙa tutar. Shugaba Jonathan ya ba Asisat lambar girma ta MON, hukumar ƙwallon Afirka ta ba ta gwarzuwar shekara karo na farko.

A Janairun 2015 Liverpool ta ɗauke ta. A lokacin Liverpool ce ke riƙe da kofin Ingila na mata shekara biyu a jere ƙarƙashin koci Matt Beard, wanda ya rasu a 2025, kuma Asisat ce 'yar wata ƙasar Afirka ta farko da ta buga wannan gasa. In ka ji Liverpool kada zuciyarka ta kai ka filin Anfield cike da jama'a. Gasar mata ta Ingila a lokacin ƙungiyoyi 8 ne kacal, da bazara ake buga ta, a ƙananan filaye na aro, 'yan kallo in sun yi yawa su kai dubu ɗaya ko biyu, kuma da yawa daga 'yan wasan suna haɗawa da wani aikin. Sai a 2018 ta zama ta cikakkun ƙwararru.

Bari in ɗan ratse, don akwai abin mamaki a nan. A wannan birni na Liverpool ɗin, a filin Goodison Park, a Disambar 1920 mutum 53,000 suka taru kallon wasan wata ƙungiyar mata 'yan masana'anta mai suna Dick, Kerr Ladies. Shekara guda bayan haka, a Disambar 1921, hukumar ƙwallon Ingila ta haramta wa mata wasa a filayen ƙungiyoyinta, wai wasan bai dace da su ba, kuma wannan hani bai tashi ba sai bayan shekara 50. Ka ga ashe maganar da mahaifin Asisat ya yi a Ikorodu, Turawan da suka kawo mana ƙwallon sun riga shi yin ta, har da sa hannu da hatimi.

Zamanta a Ingila dai bai yi armashin da aka zata ba, gara a faɗi gaskiya. Ta ji rauni a gwiwa ta yi kusan wata biyu tana jinya, ƙwallo 3 ta ci a gasar, Liverpool ta faɗo ta bakwai cikin takwas. Abin da ya share mata hawaye a shekarar shi ne BBC ta ƙirƙiro lambar gwarzuwar ƙwallon mata ta duniya, masu sauraro suka zaɓe ta ta zama ta farko da ta karɓa, sannan a gasar cin kofin duniya a Kanada ta ci Suwidin a wasan da aka tashi 3 da 3. A 2016 ta koma Arsenal, suka ɗauki kofin ƙalubale na FA a Wembley bayan doke Chelsea da ci ɗaya, amma can ma ba ta samu gindin zama ba. Yau a sa ta a gefe, gobe a ajiye ta a benci. Na tuna a lokacin har na fara cewa a raina, to, wannan ma irin taurarin nan ne namu da ke haskawa a gasar yara su ɓace.

Ƙarshen 2016 ɗin nan akwai abin da ya faru wanda sai an san shi za a fahimci matakin da ta ɗauka daga baya. Falcons suka je Kamaru ƙarƙashin Florence Omagbemi, wadda ta dawo a matsayin koci, suka doke masu masaukin baƙi a Yawunde suka ɗauki kofin Afirka, Asisat ta fi kowa ci da ƙwallo 6. Suka dawo Abuja da kofi, sai aka ce babu kuɗin alawus da ladan wasanninsu. Suka ce to ba za su bar otal ba. Kusan mako biyu suna zaune a otal ɗin Agura, har ta kai su ga ɗaukar kwalaye suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya kafin gwamnati ta saki kuɗin. Kuma ba wannan ne farau ba, a 2004 sun yi irin wannan zaman dirshan a Afirka ta Kudu, an sake yi a Faransa a 2019, a 2022 kuma suka ƙaurace wa atisaye a Maroko. Ƙungiyar da ta fi kowace a Afirka ɗauko kofi, ita ce kullum sai ta yi bore kafin a ba ta haƙƙinta. Wanda ya ga haka da idonsa yana da shekara 22, ba sai an yi masa wa'azin tanadi ba.

Saboda haka da aka wayi gari a Fabrairun 2017 aka ji ta bar Arsenal ta tafi Dalian Quanjian ta ƙasar Sin, ni ban yi mamaki ba, ko da yake surutu ya yi yawa. Masu sharhi suka ce ta kashe kanta, ta bi kuɗi ta bar ƙwallo. Abin dariyar shi ne a watan da ya gabata Mikel Obi ya bar Chelsea ya tafi Tianjin, Odion Ighalo ya bar Watford ya tafi Changchun, su da suka riga suka tara abin da jikokinsu za su ci. Ita kuwa da ba ta tara komai ba, kuma sana'arta rauni ɗaya a gwiwa ya isa ya rufe ta, ita ce aka fi yi wa gori. A lokacin kamfanonin Sin na zuba kuɗi a ƙwallo kamar ba gobe, albashin da suke ba mace kuwa babu ƙungiyar Ingila da ke iya biya. Gaëlle Enganamouit ta Kamaru ma a shekarar ta je Dalian ɗin, daga baya Tabitha Chawinga ta Malawi da Barbra Banda ta Zambiya duk suka bi ta Sin kafin su wuce gaba.

Kuma ƙwallon ba ta mutu ba. A Dalian aka mayar da ita tsakiyar gaba aka ce aikinki ci, ta ci 12 a kakar 2017, ta fi kowa, suka ɗauki kofi, suka sake ɗauka a 2018. Ni a nawa nazarin, a Sin ne ta koyi zama 'yar gaba ta gaske, wadda ƙungiya ke jingina da ita, abin da Ingila ba ta ba ta dama ba. Sai dai kuɗin Sin ɗin ma ashe ginin toka ne. A Janairun 2019 hukumomi suka kama shugaban kamfanin Quanjian mai sayar da magungunan ƙarin lafiya bisa zargin damfara, harkokinsa na ƙwallo suka watse. A ƙarshen wannan wata Asisat ta tafi Barcelona a matsayin aro.

Nan ne zan ɗan daɗe, domin shekara 5 ɗin da ta yi a Barcelona su ne tsakiyar labarin. Barcelonar da ta tarar ba ita ce wadda ake tsoro yanzu ba. Sai a 2015 ƙungiyar matan ta zama ta ƙwararru, kuma Atlético Madrid ce ke ɗauke kofin Sifen a shekarun. Wata huɗu da zuwanta suka kai wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai karo na farko a tarihinsu, a Budapest, ranar 18 ga Mayun 2019, da Lyon ta Faransa.

Ranar ba zan manta da ita ba. Azumi ake yi, kuma lokaci ɗaya aka take wasan da na ƙarshen kofin FA na maza tsakanin Manchester City da Watford, ƙarfe 5 na yamma agogonmu. Na je gidan kallon unguwarmu na ce wa mai gidan, "Don Allah Alhaji, cikin talabijin ɗinka uku a duba mana ko ɗaya za ta kamo wasan mata, 'yar Najeriya na ciki." Ya dube ni ya ce, "Malam, azumin ne ya taɓa ka?" Samari suka fashe da dariya. Na koma gefe da 'yar wayata ina bin sakamakon a intanet. Cikin minti 30 Lyon ta zuba 4, Ada Hegerberg ta Norway ta ci 3 ita kaɗai. Asisat na benci, sai a zagaye na biyu aka sako ta. Ana shirin kiran salla, ina riƙe da dabino, sai na ga an rubuta minti na 89, Oshoala. An tashi 4 da 1. Ƙwallon ba ta canza komai ba a wasan, amma ita ce ta farko da wata 'yar Afirka ta taɓa ci a wasan ƙarshe na wannan gasa, kuma ita ce ta farko da Barcelona ta mata ta taɓa ci a irinsa. A ɗakin kuwa ana ta ihun City ta zuba wa Watford 6, ba wanda na iya gaya wa.

Barcelona ta saye ta gaba ɗaya bayan wasan. A 2021 suka koma wasan ƙarshe a Gothenburg ta Suwidin, babu 'yan kallo saboda annobar korona, suka yi wa Chelsea abin da Lyon ta yi musu, 4 da nema tun kafin hutu. Asisat ta zama 'yar Afirka ta farko da ta ɗaga kofin Zakarun Turai. A kakar 2021 zuwa 2022 suka ci wasanninsu 30 na gasar Sifen duka, babu canjaras ko ɗaya, ita kuma duk da rauni ya cinye mata watanni ta ci 20, suka raba kambun wadda ta fi ci da Geyse ta Brazil. A wannan kaka ce a filin Camp Nou mutum 91,553 suka shiga kallon wasansu da Real Madrid a Maris, sannan 91,648 suka shiga na Wolfsburg a Afrilu. Ka tuna matar da shekara 7 kafin nan take wasa a gaban mutum dubu a filin aro. A 2022 ta zama 'yar Afirka ta farko da aka sa cikin jerin masu neman Ballon d'Or ta mata, a 2023 kuma Barcelona ta sake ɗaukar kofin Turai bayan ta farke 2 ta doke Wolfsburg 3 da 2. Lokacin da ta bar ƙungiyar ta ci mata ƙwallo 117 a wasa 162.

Duk da haka ba zan ɓoye wani abu ba, don tarihi ba kirari ba ne. A manyan wasanni sau da yawa benci take farawa. Salon Barcelona na gajerun ba-ni-in-ba-ka ne, 'yan wasan da suka saba da shi irin su Alexia Putellas da Aitana Bonmatí su ne masu gida, ita kuwa ƙarfinta gudu ne da kutsawa bayan 'yan baya. Takan ɓarar da damar da kowa ya ce ta ci, sannan ta ci wadda ba wanda ya zata. Magoya baya a Sifen sun yi ta ƙorafi a kan haka, mu ma a gida mun yi, har ana cewa ta fi yi wa Barcelona wasa da zuciya ɗaya fiye da Najeriya. Wannan zargi na biyu ban yarda da shi ba. A Barcelona ƙwallo na zuwar mata a ƙafa sau goma a wasa, a Falcons kuwa sai ta yi rabin sa'a tana jiran a dogo mata ɗaya daga sama, tawagar da wani lokaci sai ta shafe watanni ba a tara ta ko wasan sada zumunci ba.

Amsar da ta ba masu wannan magana ta zo ranar Alhamis 27 ga Yulin 2023 a Brisbane, da hantsi agogon Najeriya. Shekara guda kafin nan ta ji rauni a gwiwa a wasan farko na kofin Afirka a Maroko, ta kalli sauran gasar daga waje. A wannan rana ma daga benci ta taso, Najeriya na fafatawa da Ostireliya mai masaukin baƙi a gaban jama'arta. Uchenna Kanu da Osinachi Ohale sun riga sun ci, ana 2 da 1, sai a minti na 72 'yar bayan Ostireliya da golarsu suka yi wa juna kwan-gaba-kwan-baya a kan ƙwallo ɗaya, Asisat ta shige tsakaninsu ta buga daga wani matsattsen lungu ta shiga. An tashi 3 da 2. Da wannan ta zama 'yar Afirka ta farko da ta ci a gasar cin kofin duniya uku, bayan ta Suwidin a 2015 da ta Koriya ta Kudu a 2019. Cikin murna ta tuɓe rigar wasanta, alƙaliya ta ba ta katin gargaɗi, hoton ya zaga duniya. Daga baya ta rubuta a Instagram cewa mahaifinta bai ji daɗin wannan murna ba. Na yi dariya da na gani, na ce Allah sarki, dattijon Ikorodu har yanzu yana nan a kan bakansa, kuma a wannan karon da yawa daga cikinmu muna bayansa. Ingila ce ta fitar da su a zagaye na biyu da bugun fenareti bayan an tashi babu ci. A gasar ce kuma FIFA ta fara ware wa kowace 'yar wasa kuɗinta da sunanta, dala 30,000 ga wadda ta tsaya a rukuni, 60,000 ga wadda ta kai inda Najeriya ta kai. A ƙarshen shekarar aka ba ta gwarzuwar Afirka karo na 6, bayan na 2014 da 2016 da 2017 da 2019 da 2022, ta wuce Perpetua da biyu.

Sauran labarin gajere ne. A Fabrairun 2024 ta tafi Amurka, ƙasar da Mercy Akide ta fara zuwa, ta shiga sabuwar ƙungiya mai suna Bay FC a jihar Kalifoniya, kuma ita ta ci mata ƙwallon farko a tarihinta, a ragar Angel City a watan Maris. Amma a can ta tarar ƙannenta sun taso. A ƙungiyar tata ma akwai Racheal Kundananji ta Zambiya, wadda aka saya a kan fiye da dala 700,000, kuɗin da ba a taɓa sayen wata mace da shi ba a duniya zuwa lokacin. Temwa Chawinga ta Malawi ta ci 20 a kakar ta zama gwarzuwar gasar, Barbra Banda ta ɗauki kofi da Orlando Pride ta karɓe lambar gwarzuwar Afirka ta 2024. Zuwa 2025 Asisat ta fi zama a benci a Bay FC.

A Yulin 2025 ta je kofin Afirka a Maroko ƙarƙashin Justin Madugu, mutumin Adamawa. Ita ta ci ƙwallon farko a wasan farko da Tunisiya, daga nan yara suka karɓi aikin. A wasan ƙarshe a Rabat Maroko ta fara zuba 2, Falcons suka farke suka ci 3 da 2, kofi na 10 ga Najeriya, na 4 gare ta. Wannan karon ba a yi zaman otal ba, Shugaba Tinubu ya tarbe su ya yi wa kowacce alƙawarin dala 100,000 da gida mai ɗaki uku da lambar OON.

A Satumban 2025 ta sa hannu da Al Hilal ta Riyad, a ƙasar da sai a 2018 aka fara barin mata shiga filin kallon ƙwallo, gasar matan kuma sai a 2022 aka kafa ta. A shekarar ita ma Ghizlane Chebbak, kyaftin ɗin Maroko wadda ta fara zura wa Najeriya ƙwallo a daren Rabat, ta koma Al Hilal ɗin, kuma ita aka ba gwarzuwar Afirka ta 2025. Da na ga hotonsu cikin shuɗiyar riga iri ɗaya sai na kai wa maƙwabcin nan nawa mai janareta, wanda yanzu furfura ta cika masa gemu. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wai yarinyar nan ta daren Jamus? Har yanzu tana bugawa?"